Oswald Avery, likitan da ya gano inda ƙwayar cuta ke ajiye gadonta

Kowace shekara, da zarar iskar hunturu ta taso da ƙura har zuwa ƙarshen bazara, hankalin iyaye a ƙasarmu ba ya kwanciya saboda sanƙarau da ciwon huhu na yara. Uwa takan bar rumfarta a kasuwa, ta goya yaro zuwa gidan likita a yi masa allurar rigakafi, ta dawo ta ci gaba da cinikinta. Kaɗan ne daga cikinmu suka san cewa abin da ke cikin allurar nan ya samo asali ne daga aikin wani ɗan siririn dattijo da ya yi shekara 35 a asibiti ɗaya a birnin New York na Amurka, yana fama da ƙwayar cuta iri ɗaya tak. Sunansa Oswald Avery. Shi ne kuma, tare da abokan aikinsa biyu, ya fara kawo hujjar cewa sinadarin da ake kira ADN shi ke ɗauke da gado a jikin halitta. Ya rasu a 1955 ba a ba shi kyautar Nobel ba. Jama'a masu karatu, ga tarihinsa.

Ɗan fasto mai busa ƙaho

An haifi Oswald Theodore Avery ranar 21 ga watan Oktoba 1877 a Halifax, wani gari na bakin teku a gabashin Kanada. Iyayensa mutanen Ingila ne da suka yi ƙaura zuwa can. Mahaifinsa, Joseph Francis Avery, fasto ne. Su uku ne maza a gidan: Ernest babba, Oswald na tsakiya, Roy auta. A 1887 aka kira mahaifin ya riƙe wani coci a New York, cikin unguwar talakawa da baƙi da ma'aikatan jiragen ruwa, inda mutane ke cunkushe a ɗakuna marasa iska, tarin fuka da ciwon huhu suna ta ɗibarsu. Ranar Lahadi Oswald da wansa sukan tsaya a ƙofar cocin suna busa ƙaho irin na ƴan badujala don su jawo masu wucewa.

A 1892 gidan ya ga tashin hankali. Wansa Ernest ya rasu, bayan ƴan watanni mahaifin ma ya bi shi. Oswald, da shekararsa 15, ya zama babban namiji a gida, kuma har tsufansa bai daina kula da ƙanensa Roy ba. Ya shiga jami'ar Colgate ya gama a 1900. A can an san shi da iya magana gaban jama'a da jagorancin ƴan busa, ilimin kimiyya kuwa kaɗan ya taɓa. Duk da haka sai ya zaɓi aikin likita, ya shiga jami'ar Columbia ya fito a 1904.

Bai daɗe yana duba marasa lafiya ba. A zamanin babu penisilin, babu ko ɗaya daga cikin magungunan kashe ƙwayoyin cuta da muke saye yau. Likita yakan zauna kusa da mai ciwon huhu ne kawai yana jira ya ga ko zai tashi ko ba zai tashi ba. Abin ya dami Avery. A 1907 ya koma ɗakin bincike na Hoagland a unguwar Brooklyn, inda ya yi shekara 6 yana koyon kiwon ƙwayoyin cuta. Cikin ayyukansa na farko har da binciken ƙwayoyin da ke sa madara ta yi tsami ta zama kindirmo, sannan tarin fuka.

Riga ta sukari

A 1913 wani rubutu da ya yi kan masu tarin fuka ya faɗa hannun Rufus Cole, shugaban asibitin Cibiyar Rockefeller, wadda attajirin man fetur John D. Rockefeller ya kafa da dukiyarsa a 1901. Cole ya kira shi aiki. Babban abin da asibitin ya sa gaba shi ne ciwon huhu, wanda a lokacin yana cikin cututtukan da suka fi kashe mutane a Amurka. Ƙwayar da ke kawo shi ana kiranta numokok. Ita ce kuma ɗaya daga cikin ƙwayoyi uku da suka fi kawo sanƙarau a ƙasashenmu.

Maganin da ake da shi a lokacin daga doki ake samunsa. A yi wa doki allurar ƙwayar, jininsa ya haɗa makamin yaƙi da ita, a ɗebi ruwan jinin a yi wa marar lafiya. Matsalar ita ce numokok iri-iri ce, kuma ruwan jinin da aka yi don iri na 1 ba ya taɓa iri na 2 ko na 3. Avery ya ƙudura sai ya san abin da ya bambanta su.

A 1917, shi da abokinsa Alphonse Dochez suka gano wani abu da ƙwayar ke zubarwa cikin jini da fitsarin marar lafiya, kuma kowane iri da nasa. A 1923, tare da masanin sinadarai Michael Heidelberger, suka gano ko mene ne: sukari ne, amma ba irin na shayi ba, wani dogon sarƙaƙƙen sukari da ƙwayar ke lulluɓe jikinta da shi kamar riga. Rigar santsi gare ta kamar yauƙin kuɓewa. Fararen ƙwayoyin jini, waɗanda aikinsu shi ne su kama baƙuwar ƙwaya su haɗiye, in sun cafke ta sai ta sulluɓe. Ƙwayar da ba ta da riga kuwa nan da nan ake cinye ta, ba ta iya sa ciwo. Bambancin iri da iri bambancin ɗinkin rigar ne, kuma yau an san fiye da iri 90.

Masana da yawa ba su yarda ba da farko, don an ɗauka furotin, wato sinadarin da ya yi yawa a nama da ƙwai da wake, shi kaɗai jiki ke iya ganewa ya yaƙa. Wani saurayi Bafaranshe, René Dubos, da Avery ya ɗauka aiki a 1927, ya ƙara ƙarfafa hujjar. Ya samo wani sinadari daga ƙwayoyin ƙasar fadama wanda ke narkar da rigar iri na 3. Ɓeran da aka sa wa ƙwayar, in aka yi masa allurar sinadarin, sai ya rayu. A 1929 kuma Avery da Walther Goebel suka nuna cewa in aka ɗaura sukari a jikin furotin, jiki ya fi saurin gane shi. A kan wannan dabara aka gina alluran rigakafin sanƙarau da ciwon huhu da ake yi wa jarirai a yau.

Da a nan ya tsaya ma, da sunansa ya shiga tarihi. Abokan aikinsa suna kiransa Fess, taƙaicen Farfesa. Bai taɓa aure ba, ya yi shekaru masu yawa suna haya gida ɗaya da Dochez. Ba ya son tafiye-tafiye da taro, wasiƙu sukan taru a teburinsa ba amsa. Yakan yi kwanaki yana tunanin gwaji ɗaya kafin ya taɓa kwalba, in ya tashi yi kuma ya yi shi da kayan aiki kaɗan.

Ɓerayen Griffith

A 1928 wani labari ya zo daga Landan da ya girgiza duk abin da Avery ya gina. Frederick Griffith, likita a ɗakin bincike na ma'aikatar lafiya ta Ingila, ya ɗauki numokok mai rai marar riga, wadda ba ta kisa, ya haɗa ta da numokok mai riga ta wani iri daban wadda aka riga aka kashe da zafi. Ya yi wa ɓeraye allurar haɗin. Ɓerayen suka mutu. Da ya duba jininsu sai ya tarar da ƙwaya mai rai sanye da riga, kuma rigar irin ta matacciyar ce. Ƴaƴanta da jikokinta duk suka ci gaba da fitowa da wannan riga. Wato mai rai ta ci gadon matacciya.

Avery bai yarda ba da farko. Shekara da shekaru yana koyar da cewa kowane iri yana nan a irinsa, kamar yadda gero ba ya zama dawa. Amma an maimaita gwajin a Jamus ya fito daidai, wani matashi na ɗakin bincikensa, Martin Dawson, shi ma ya maimaita ya ga haka. Daga baya aka yi abin cikin kwalba ba tare da ɓera ba. A 1932 wani yaronsa, Lionel Alloway, ya farfasa matattun ƙwayoyin ya tace su, ya nuna cewa ruwan da aka tace kaɗai ya isa ya sauya ƙwaya mai rai. Ashe akwai wani abu cikin ruwan da ke ɗauke da umarnin ɗinka riga. Avery ya ajiye ra'ayinsa na da, ya kama neman wannan abu.

Neman ya ci fiye da shekara 10. Shi kansa ya kwanta ciwon ƙululun maƙogwaro, dangin maƙoƙo, har aka yi masa aiki, hannunsa yana rawa. Gwajin kuma wata rana ya yi, wata rana ya ƙi, ba a san dalili ba. A 1934 Colin MacLeod, wani matashin likita ɗan Kanada, ya zo ya gyara hanyar aikin har ta zama abin dogara. Sai ga sababbin magungunan sulfa sun fito suna warkar da ciwon huhu, maganin doki ya zama tsohon yayi, aka jingine binciken na wasu shekaru. A ƙarshen 1940 suka koma kansa. A 1941 MacLeod ya samu wani aiki ya tafi, Maclyn McCarty ya maye gurbinsa. A wannan shekara ce bam na Jamusawa ya faɗa gidan Griffith a Landan ya kashe shi. Shi da Avery ba su taɓa haɗuwa ba, amma Avery ya ajiye hotonsa a kan teburinsa har ya bar aiki.

Bido uku, ƙwayar shinkafa ɗaya

Aikin kamar na mai tankaɗe ne da rairaya. Sukan kiwata numokok cikin romon zuciyar sa, lita 75 a tashi ɗaya, wato bido uku na lita 25. Su tace ƙwayoyin da inji, su kashe su da zafi, su farfasa su, sannan su dinga cire abubuwa ɗaya bayan ɗaya suna gwada abin da ya saura. Suka cire sukarin rigar da sinadarin nan na Dubos, ruwan ya ci gaba da aiki. Suka cire furotin, suka zuba masa sinadaran da ke narkar da furotin, bai daina ba. Suka zuba wanda ke narkar da ARN, wani ɗan'uwan ADN, nan ma bai daina ba. A ƙarshe, in suka ɗiga alkol cikin abin da ya rage, sai wasu fararen zaruruwa su fito su nannaɗe jikin sandar gilashi kamar zare a jikin mazari. Daga lita 75 ɗin nan abin da ake samu bai wuce miligiram 10 zuwa 25 ba, nauyin ƙwayar shinkafa ɗaya ko ƙasa da haka.

Ƙarfin zaren ya ba su mamaki. Kashi ɗaya cikin miliyan 600 ya isa ya sa ƙwaya marar riga ta yi riga, kamar a ce giram ɗaya cikin motocin tanka 20 masu ɗaukar lita 30,000 kowace. Duk awon da suka yi ya nuna zaren ADN ne. Da suka zuba masa sinadarin da ke narkar da ADN kuwa, nan take ƙarfin ya mutu.

ADN ba sabon abu ba ne a lokacin. Tun 1869 wani likita ɗan Suwis, Friedrich Miescher, ya samo shi cikin mugunyar da ke jikin bandejin masu rauni. Amma an raina shi. An san tubalinsa huɗu ne kacal, waɗanda ake yi wa laƙabi da haruffan A, C, G da T, alhali furotin tubali 20 gare shi. Masana suka ɗauka abu mai tubali huɗu ba zai iya ɗaukar bayanin halitta ba. A watan Mayu 1943 Avery ya rubuta wa ƙanensa Roy doguwar wasiƙa, ya shaida masa cewa abin da suka samu ya yi kama da ƙwayar gado kanta, amma ba zai yi shela ba sai hujja ta cika. Ranar 1 ga Fabrairu 1944 rahoton ya fito a mujallar binciken likitanci ta cibiyarsu da sunayen Avery, MacLeod da McCarty. Avery yana da shekara 66, ya ma riga ya kai shekarun ritaya.

Gardama, da kyautar da ba ta zo ba

Wanda ya fi tsananta musu gardama a cikin gidansu yake. Alfred Mirsky, babban masani a Cibiyar Rockefeller, ya dage cewa komai wankin da aka yi wa zaren, ɗan furotin zai iya maƙalewa a jikinsa, kuma wataƙila shi ne ke aikin. Tambaya ce mai ma'ana, aka kuwa amsa ta. A 1946 McCarty ya tsarkake sinadarin da ke narkar da ADN ya nuna ɗan kaɗan ɗinsa ya isa ya kashe ƙarfin zaren. Rollin Hotchkiss ya ƙara wanke zaren har furotin da ya saura bai wuce kashi 2 cikin 10,000 ba. A 1951 Hotchkiss ya nuna cewa ba riga kaɗai ake gada ta wannan hanya ba: numokok da ta koyi jure wa penisilin, ADN ɗinta yana iya koya wa wadda ba ta iya ba. Wannan yana cikin hanyoyin da taurin kan ƙwayoyin cuta ke yaɗuwa in ana shan magani barkatai ko ana yanke shi kafin ya ƙare.

Wasu sun gane girman abin tun da wuri. Erwin Chargaff ya karanta rahoton ya juya duk aikinsa zuwa ADN. Awon da ya yi ya taimaki James Watson da Francis Crick, waɗanda a 1953 suka bayyana siffar ADN a Ingila, kuma aka ba su Nobel a 1962. Shi kuwa Avery an sha gabatar da sunansa tun farkon shekarun 1930 har farkon shekarun 1950, kwamitin yana cewa a dakata a gani. Wani ya yi rawa ya samu kuɗi, wani ya yi ya tashi hannu banza. Ya dai samu lambar Copley ta Ingila a 1945, wadda bai ma je karɓa ba, da kyautar Lasker ta Amurka a 1947.

Bai shiga cacar baki da kowa ba. A 1948 ya tattara kayansa ya koma garin Nashville kusa da Roy, wanda ke koyar da ilimin ƙwayoyin cuta a jami'ar Vanderbilt. Can ya zauna kusa da iyalin ƙanensa har ciwon daji na hanta ya kama shi. Ya rasu ranar 20 ga Fabrairu 1955 yana da shekara 77. Ba a ba mamaci Nobel, maganar ta ƙare ke nan.

Tambarin da ke jikin gadon ƙwayar sanƙarau

Ƙofar da ya buɗe ta kai har ga cutar da ta fi damun mu. Wata likitar yara a New York, Hattie Alexander, ta bi sawunsa. A 1951 ta nuna cewa ƙwayar Haemophilus, mai kawo sanƙarau ga jarirai, ita ma tana ɗaukar ADN ta sauya riga. A 1953 ta nuna haka ga meningokok, ƙwayar da ke kawo annobar sanƙarau a yankin Sahel.

Sai aka lura da wani bambanci. Numokok ta Avery ba ta zaɓe, duk ADN da ta tarar tana haɗiyewa. Waɗannan biyun kuwa na danginsu suke ɗauka, su bar na bare. Ta yaya ƙwayar da ba ta da ido take gane nata? Duk wanda ya taɓa loda kaya a tasha ya san amsar. Buhuna ɗari a mota ɗaya, duk kamarsu ɗaya, amma kowane ɗan kasuwa ya sa wa nasa alama, in an sauke kaya da ita yake gane su. ADN rubutu ne mai tsawo da haruffan nan huɗu, kuma cikin rubutun akwai wata gajeriyar kalma da ke ta maimaituwa kamar tambari.

An gano tambarin Haemophilus a wajen 1980, haruffa 9 ne jigonsa. A 1995, lokacin da aka karanta dukan ADN na wannan ƙwaya, wanda shi ne karo na farko da aka karanta na wata halitta mai rayuwa da kanta daga farko har ƙarshe, an ƙirga tambarin sau 1,465. Na dangin meningokok an gano shi a 1988, haruffa 10 ne: GCCGTCTGAA. A 2000 aka karanta ADN na wata meningokok iri A da aka samo a Gambiya. Cikin haruffa wajen miliyan 2 da dubu 200, tambarin ya fito kusan sau 2,000. In da a kan dace ne, kalma mai haruffa 10 ba za ta fito fiye da sau 4 ko 5 ba cikin rubutu mai wannan tsawo. A 2013 masu bincike a Landan suka gano hannun da ke laluben tambarin: wani furotin ne a jikin siraran gasun da ƙwayar ke miƙawa waje, in ya taɓa ADN mai tambari sai ya riƙe, a jawo shi ciki.

Me ƙwayar ke samu da ta riƙe kalma ɗaya sau dubu biyu ba ta bari ta lalace ba? Masana sun kawo bayani uku, kuma suna iya zama gaskiya gaba ɗaya. Na farko, gyara: an lura tambarin ya fi yawa a sassan da ke kula da lafiyar ADN ɗin kansa, don haka in wani wuri ya lalace ƙwayar tana samun madadinsa daga gawar ƴar'uwarta, kamar yadda makanike ke cire kayan gyara daga matacciyar mota iri ɗaya. Na biyu, sauya kama: ta wannan hanya take samun sabuwar riga ko juriyar magani. Na uku, sau da yawa tambarin yana zuwa biyu-biyu suna fuskantar juna a ƙarshen wani umarni, inda suke aiki kamar aya, suna nuna wurin da karatu zai tsaya.

Irin waɗannan kalmomi masu maimaituwa suna da yawa a ADN na ƙwayoyin cuta. Wasu da aka fara gani a Japan a 1987 an yi shekaru ba a san amfaninsu ba, sai a 2007 masu binciken ƙwayoyin kindirmo suka nuna cewa rumbu ne da ƙwayar ke ajiye kamannin maƙiyanta. Su ake kira CRISPR, kuma daga gare su aka ƙera almakashin yanka ADN, wanda a 2023 Ingila da Amurka suka amince a yi maganin amosanin jini da shi.

Abin da ya faru a 2015

A 1996 da 1997 sanƙarau iri A ya kama fiye da mutum 250,000 a Afirka, ya kashe wajen 25,000. A watan Disamba 2010 aka fara babban kamfen na allurar MenAfriVac a Burkina Faso, Mali da Nijar. An yi ta ne da sukarin rigar iri A ɗaure a jikin furotin, dabarar nan ta 1929. Cikin ƴan shekaru iri A ya kusan ɓacewa daga yankin.

A 2013 sai wata sabuwar meningokok iri C ta ɓullo a arewa maso yammacin Najeriya. A 2015 ta shigo Nijar da ƙarfi, musamman Yamai da jihar Dosso, ta kama fiye da mutum 8,000, ta kashe fiye da 500, har aka rufe makarantun Yamai na ƴan kwanaki. Da masana suka karanta ADN ɗinta, binciken da aka buga a 2018 ya nuna asalinta wata ƙwaya ce marar riga da ke zaune a maƙogwaron mutane ba ta cutar da kowa, irinta an taɓa samu a Burkina Faso. Ta ɗauki ADN na rigar iri C daga wata ƴar'uwarta, ta zama mai kisa. Abin da Griffith ya gani a jikin ɓera, Avery ya bayyana cikin kwalba, shi ne ya faru a maƙogwaron ɗan Adam a nan yankinmu.

Wannan ne dalilin da ya sa yaron da aka yi wa allurar iri A zai iya kamuwa da iri C ko W ko X, don jikinsa rigar A kaɗai ya sani. Ba allurar ce ta yi ƙarya ba. Shi ya sa kuma in an kai mai sanƙarau asibiti ake ɗibar ruwan bayansa a aika ɗakin bincike, irin cibiyar CERMES da ke Yamai, don a san irin rigar kafin a yi odar allura. A 2024 Najeriya da Nijar suka fara amfani da sabuwar allura mai haɗe da riguna biyar, A, C, W, X da Y. Saboda haka, iyaye mata, in an yi shelar sabon kamfen, kada a ce ai an riga an yi wa yaro a bara. A ɗauko katinsa na rigakafi a kai shi, ma'aikatan lafiya su duba wace aka yi masa, wace ta rage.